Kayan kwamfayil na taswira a injin Source

Kayan kwamfayil na Source wasu ƙananan manhajoji ne guda uku, VBSP da VVIS da VRAD, su ne ke juya taswirar da mutum ya zana ta zama filin da gem zai iya lodawa. Kamfanin Valve na Amurka ne ke da injin, wato manhajar da ake gina gem a kanta, ya fito a 2004 tare da gem ɗin Counter-Strike: Source da Half-Life 2. Zanen kuma a manhajar Hammer ake yinsa, wanda da can sunansa Worldcraft, Ben Morris ya fitar da shi a 1996 saboda gem ɗin Quake kafin Valve su saya.

Abin da Hammer ke ajiyewa fayil ne na VMF, rubutu zalla ko Notepad zai buɗe shi, amma gem ba ruwansa da shi, fayil na BSP kawai ya sani.

Kafin a kai ga haka sai an yi saiti. Mod ɗin, wato gem ɗin da mutum ke haɗawa a kan injin, ana sa shi a foldar sourcemods cikin foldar steamapps ta manhajar Steam, da fayil ɗin gameinfo.txt wanda ke faɗa wa injin inda zai nemo kaya, sai foldojin maps da materials da models. A cikin Hammer a nuna masa fayil na FGD, jerin abubuwan da gem ɗin ya sani kenan irin su ƙofa da fitila da inda ɗan wasa zai fara tsayawa, sannan a nuna inda manhajojin uku suke. Nan sababbi suka fi shan wahala, folda ɗaya ta kuskure sai bango ya fito da zanen dara baƙi da shunayya, alamar an rasa hoton.

In an danna F9 a Hammer, VBSP ke farawa, ya yanka fili ya haɗa BSP. VVIS ya lissafa wane sashe ke hango wane don kar kwamfuta ta dinga zana abin da ke bayan bango, kuma shi ne mai cin lokaci, babban fili mara tsari yana iya ɗaukar awanni, shi ya sa ake mayar da ƙananan kwalliya func_detail, wato abin da VVIS ba ya sawa cikin lissafinsa. VRAD shi ke lissafa haske da inuwa ya saka su cikin taswirar.

Babbar matsala ita ce ɓula, wato taswirar ba ta rufe ruf ba, ciki na leƙa waje. In haka ta faru VBSP ba zai fitar da fayil na PRT da VVIS ke aiki da shi ba, VVIS ba shi da abin aiki, haske ma ya lalace. Amma VBSP yana barin fayil na LIN, a loda shi a Hammer jan layi zai bi ta ramin.