Dokar ƙarin lokaci a NFL: me ya sa ake cin kwatabak yana zaune a benci?

Shekaru sun shuɗe da wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, na ranar 5 ga Fabrairu 2017 a birnin Houston, amma har yau magoya bayan Atlanta Falcons ba su gama musu a kan kwatabak ɗinsu, wato jagoran masu kai hari, Matt Ryan ba. Ƙungiyarsu ta yi gaba da maki 28 da 3, aka ɗauka an gama, sai New England Patriots ta Tom Brady ta farke, ta tafi da kofi da 34 da 28. Wasu suna cewa Ryan ne ya zubar da wasan, domin shi aka ƙwace wa ƙwallo a hannu a zangon ƙarshe, shi ne kuma ya bari aka kayar da shi a baya lokacin da maki uku kacal za su rufe magana. Wasu kuwa suna cewa wane laifi za a ɗora wa mutumin da ya yi jifa 23, 17 suka isa hannun 'yan wasansa, ya ci yadi 284, kuma babu jifansa ko ɗaya da abokan hamayya suka cafe? Daga nan sai su kawo hujjar da ta fi kowace nauyi: da aka shiga ƙarin lokaci, Ryan bai taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya. Dokar da ta zaunar da shi a benci ita ce zan fasa baƙinta a nan, domin wanda bai san ta ba zai yanke wa 'yan wasa hukuncin da ba nasu ba.

Sai an fara sanin tsarin wasan kafin dokar ta fito fili. A ƙwallon Amurka kowace ƙungiya tana da runduna biyu daban, masu kai hari da masu tsaron gida, kuma ba sa shiga fili tare. Kwatabak shi ne jagoran masu kai hari, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke jifa ko ya damƙa wa mai gudu. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma; in ta ci a sabunta mata wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo ƙarshen gidan abokan hamayya shi ne tacdawun, maki shida, sannan a ƙara ɗaya da bugu ko biyu da sake kutsawa daga yadi biyu. Buga ƙwallo ta wuce tsakanin dogayen sandunan nan biyu kuwa maki uku ne. Abin lura a nan shi ne, muddin ƙwallo tana hannun abokan hamayya, kwatabak ɗan kallo ne kamar kowa. Ba ya tare kowa, ba ya ƙwato ƙwallo, sai dai ya jira.

Dokar asali mai sauƙi ce: in minti 60 sun cika ana kunnen doki, sai a cilla kwabo, wanda ya ci ya zaɓi karɓar ƙwallo, kuma duk wanda ya fara samun maki ta kowace hanya shi ya yi nasara. Haka aka raba gardama a wasan ƙarshe na 1958, inda Baltimore Colts ta Johnny Unitas ta doke New York Giants da 23 da 17. A 1974 aka shigar da tsarin cikin wasannin kaka na yau da kullum. Masu bin tamaula za su tuna da ƙwallon zinare, wadda Henri Camara ya fitar da Suwidin da ita a gasar cin kofin duniya ta 2002, sannan Turkiyya ta fitar da Senegal da irinta a zagaye na gaba. Sai dai a tamaula ƙwallo tana yawo tsakanin ɓangarori biyu cikin daƙiƙoƙi, alhali a nan mai karɓar farko yana riƙe ta har sai ya ci ko ya kasa. Da masu bugu suka ƙara ƙwarewa, sai ya zama ƙungiya ba ta bukatar ta keta fili gaba ɗaya. Ta matsa kaɗan zuwa inda ƙafar mai bugunta za ta kai, shi ke nan.

Abin da ya faru ke nan a Janairun 2010, a wasan fitar da zakaran ɓangaren NFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na NFL. Brett Favre, kwatabak ɗin Minnesota Vikings, ya yi mummunan jifa a daƙiƙoƙin ƙarshe, Tracy Porter na New Orleans Saints ya cafe. Saints ta ci kwabo, ta matsa, Garrett Hartley ya buga daga yadi 40, aka tashi 31 da 28. Favre bai samu damar wanke kansa ba, kuma jifan nan shi ne abin da aka riƙe a kansa. Wata biyu bayan haka masu ƙungiyoyi suka gyara doka da ƙuri'a 28 da 4. Gyaran ya ce bugun maki uku a karɓar farko ba ya rufe wasa, dole a ba ɗaya ɓangaren damarsa. Amma in mai karɓar farko ya yi tacdawun, an gama. A 2012 aka faɗaɗa wannan zuwa wasannin kaka.

Wannan rabin gyara shi ya cinye Matt Ryan. Kyaftin ɗin Patriots Matthew Slater ya ci kwabo, Brady ya ja rundunarsa yadi 75, James White ya kutsa da tacdawun, kofi ya tafi. Ryan, wanda a wannan kakar shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NFL baki ɗaya, yana tsaye a gefe. Bayan shekara biyu aka maimaita a Kansas City: ranar 20 ga Janairu 2019 Patriots ta sake cin kwabo, ta doke Chiefs da 37 da 31, kwatabak ɗin Chiefs Patrick Mahomes bai shiga fili ba. Chiefs ta kai ƙorafi tana neman a ba kowane ɓangare dama, maganar ba ta samu shiga ba. Gyaran doka a NFL yana bukatar amincewar ƙungiyoyi 24 cikin 32, kuma a lokacin yawancinsu ba su ga abin gyarawa ba.

Abin da ya karya ƙashin bayan tsohuwar dokar shi ne wasan 23 ga Janairu 2022, kuma a wannan karon Chiefs ce ta ci gajiyarta. Josh Allen, kwatabak ɗin Buffalo Bills, ya buga wasan da ba a cika gani ba, ya jefa tacdawun huɗu, duka a hannun Gabriel Davis. Na ƙarshen ya sa Bills gaba saura daƙiƙa 13 a tashi. Cikin waɗannan daƙiƙoƙi Mahomes ya yi jifa biyu, Harrison Butker ya buga daga yadi 49, aka yi kunnen doki. Allen da kansa ya fita zaɓen fuskar kwabo, ya zaɓi wadda ba ta fito ba. Mahomes ya jefa wa Travis Kelce, aka tashi 42 da 36. Duk wanda ya ce Allen ya gaza a ranar, to bai kalli wasan ba. Alƙaluman da aka riƙa ambato a lokacin sun nuna girman matsalar: daga 2010 zuwa ƙarshen wannan kaka an yi ƙarin lokaci sau 12 a wasannin sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya ci kwabo ya yi nasara a 10, kuma a 7 daga ciki ɗaya ɓangaren bai taɓa ƙwallo ba.

Masu kare tsohuwar dokar suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Suna cewa tsaron gida ma rabin wasa ne. In kana son kwatabak ɗinka ya dawo fili, to ka tsayar da abokin hamayya. Mako ɗaya kacal bayan wasan Bills, Chiefs ta sake cin kwabo a karawarta da Cincinnati Bengals, aka cafe jifan Mahomes, Bengals ta yi nasara da 27 da 24. Suna kuma cewa wasa ne na gwabzawa da jiki, duk minti ɗaya da aka ƙara ƙarin rauni ne. Ni dai ina ganin hujjar farkon ba ta tsayu ba. Tsohuwar dokar tana jarraba masu tsaron ƙungiya ɗaya ne kawai, waɗanda suka riga suka jigata bayan minti 60, masu tsaron ɗaya ƙungiyar kuwa suna hutawa. Kuma ba ƙwazo ne ya zaɓi wanda za a jarraba ba, kwabo ne.

A Maris 2022 aka amince da shawarar da Indianapolis Colts da Philadelphia Eagles suka kawo, da ƙuri'a 29 da 3. Ga abin da dokar ta tanada a wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Ana cilla kwabo, kyaftin ɗin baƙi ne ke zaɓen fuska. Kowace ƙungiya tana da haƙƙin samun damar riƙe ƙwallo sau ɗaya, ko da ta farkon ta yi tacdawun. In bayan kowa ya yi nasa wani yana gaba, ya ci. In maki sun yi daidai, sai a koma tsohon tsari, wanda ya fara ci shi ke da wasa. Zangon minti 15 ne, amma ƙarewarsa ba ta yanke wa ƙungiya ta biyu damarta. In tana tsakiyar hari sai a shiga zango na gaba a ci gaba daga inda aka tsaya. Masu horarwa ba su da ikon ƙalubalantar hukuncin alƙalin wasa a wannan lokaci, jami'in bidiyo ne kaɗai ke kiran a sake dubawa.

Akwai wurin da mutane kan yi tuntuɓe. Dokar ta yi alkawarin dama ne ga ƙungiya, ba ga kwatabak ba. In masu tsaron gida suka cafe jifan ƙungiyar farko suka ruga da ƙwallo har gida, wasa ya ƙare, domin ana lissafa cewa ɓangarorin biyu sun riƙe ƙwallo. Haka nan in suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa, wanda ke ba su maki biyu, an tashi. In kuma ƙungiya ta kasa kama ƙwallon da aka bugo mata a farkon zagayenta har abokan hamayya suka dafe, damarta ta wuce ke nan.

Gwajin farko a Super Bowl ya zo ranar 11 ga Fabrairu 2024 a Las Vegas, tsakanin San Francisco 49ers da Chiefs, bayan an tashi 19 da 19. 49ers ta ci kwabo, mai horar da ita Kyle Shanahan ya zaɓi karɓar farko. Shi ne fa mutumin da ke tsara wa Falcons hari a daren da aka zaunar da Ryan. Ya bayyana daga baya cewa hangensa yana kan karɓa ta uku: in kowa ya ci daidai, shi zai riƙe ƙwallo lokacin da maki ɗaya ya isa. Lissafin yana da ma'ana, amma yana da rami. Wanda ya zo na biyu ya san ainihin abin da yake bukata, don haka ba zai taɓa sallama ƙwallo a dama ta huɗu ta hanyar buge ta nesa zuwa ga abokan hamayya ba, zai yi amfani da duka huɗun. Kuma in ya rama tacdawun, yana iya neman maki biyu ya rufe wasan nan take, karɓa ta uku ba za ta zo ba. 'Yan Chiefs sun ce abin da suka shirya ke nan tun kafin ranar, yayin da wasu 'yan 49ers, ciki har da Kyle Juszczyk da Arik Armstead, suka ce ba su san an sauya dokar ba.

A fili kuwa ga yadda ta kaya. Kwatabak Brock Purdy ya kai 49ers har yadi tara daga gida. A dama ta uku, saura yadi huɗu, Chris Jones na Chiefs ya faɗo masa ba wanda ya tare shi, dole ya saki ƙwallo da wuri ta faɗi ƙasa. Jake Moody ya buga maki uku. Chiefs ta karɓa, ta tsinci kanta a dama ta huɗu saura yadi ɗaya tana cikin rabinta na fili. Da ita ce ta fara, watakila da ta yi tunanin buge ƙwallo ta koma tsaro. Da yake ba ta da zaɓi, Mahomes ya riƙe ƙwallo ya ruga da kansa ya ci yadi takwas. Saura daƙiƙa uku zangon ya cika ya jefa wa Mecole Hardman, aka tashi 25 da 22.

Musun da ake yi a kan Purdy ya fi na Ryan da Allen tsabta, kuma wannan shi ne amfanin sabuwar dokar. An ba shi ƙwallo, an ga abin da ya yi da ita. Mai sukarsa zai iya cewa maki uku ya samo a inda Mahomes ya samo shida. Mai kare shi zai nuna yadi 255 ba tare da an cafe jifansa ba, ya nuna masu tare masa gaba da suka bar Jones ya wuce, ya nuna zaɓin da mai horarwa ya yi tun a wurin kwabo. Duka ɓangarorin suna magana ne a kan abin da aka gani a fili. Shi kuwa Ryan, a zarge shi da ƙwallon da Dont'a Hightower na Patriots ya fizge masa da kayarwar da Trey Flowers ya yi masa, wannan daidai ne, amma ƙarin lokacin ba ya cikin kundinsa.

Daga kakar 2025 an shigar da ƙa'idar ba kowa dama cikin wasannin kaka ma, sai dai da bambanci babba. A can zango ɗaya ne na minti 10, kuma agogo yana da ikon yanke komai. In ƙungiyar farko ta cinye mintunan duka ta ci maki a ƙarshe, ta biyun ba ta da abin cewa, in kuma lokaci ya cika maki suna daidai sai a rubuta kunnen doki, kamar yadda Green Bay Packers da Dallas Cowboys suka tashi 40 da 40 a Satumban 2025.