Jar giyar Bordeaux: me masu ɗanɗano ke nema, kuma me ake saye da kuɗin?

Bordeaux birni ne a kudu maso yammacin Faransa, kusa da Tekun Atlantika. Masu kallon ƙwallo sun san sunan ta dalilin kulob ɗin garin, amma abin da ya fito da shi duniya gonakin inabi ne, kimanin hekta 100,000, kuma mafi yawan abin da ake girbewa jar giya ake yi da shi. Hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, wannan rubutu kuwa bai zo ya taɓa shi ba. Bayani ne kan noma da fatauci da yadda ake sa wa kaya daraja, domin wanda ya taɓa jin an ce kwalba guda ta yi kuɗin mota, ya ce wai me ke cikinta.

Me ya sa sunan gari ake gani a jikin kwalbar, ba sunan inabin ba?

Domin Bafaranshe wuri yake sayarwa. Tun 1935 gwamnati ta kafa hukumar da ke shata iyakar kowane yanki, ta faɗi irin inabin da za a shuka a ciki da yawan abin da aka yarda a girbe daga kowace hekta. Wanda ya saɓa, ba shi da ikon sa sunan yankin a kwalbarsa.

Kogi biyu ne suka raba ƙasar, Garonne da Dordogne, suka haɗu suka zama Gironde kafin su faɗa teku. A gaɓar hagu, wato Médoc da Graves, ƙasar tsakuwa ce. Ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, kuma tsakuwar kan sha zafin rana ta riƙa sakinsa bayan faɗuwarta. Wannan shi ne abin da inabin Cabernet Sauvignon ke so, don shi mai jinkirin nuna ne, ga kaurin fata. A gaɓar dama, wajen Saint-Émilion da Pomerol, yumɓu ne da dutsen farar ƙasa, masu sanyi da riƙe laima, nan kuma Merlot ya fi jin daɗi, shi da ke nuna da wuri.

Kusan kowane gida, wato gona mai yin giyarta da sunanta, gauraya iri biyu ko uku yake yi, har da Cabernet Franc, wani lokaci da ɗan Petit Verdot. Dabara ce ta manomin da ke zaune kusa da teku, inda ruwa kan sauko a lokacin da ba a so: idan ya ɓata iri ɗaya, ɗayan ya rufa asiri. Abin mamaki, Médoc ɗin nan da ake ji da ita fadama ce, sai a ƙarni na 17 injiniyoyi daga Holan suka haƙa magudanai suka tsane ta.

To yaya ake karanta takardar da ke manne a kwalbar?

Iya ƙanƙantar wurin da aka ambata, iya tsananin dokar da ke kansa. Kwalbar da ta ce "Bordeaux" kawai, inabinta na iya fitowa daga ko'ina a yankin. Wadda ta ce "Haut-Médoc" ta matso. Wadda ta ce Pauillac, Margaux, Saint-Julien ko Saint-Estèphe ta ambaci ƙasar ƙauyukan da aka fi daraja a gaɓar hagu. Sai shekarar girbi, sai sunan gidan, sai jimlar "Mis en bouteille au château", ma'ana a gonar aka ɗura, ba a rumbun wani ɗan kasuwa ba.

Akwai tarko biyu. Hoton gidan sarauta da kalmar château ba su tabbatar da komai ba, gona mai ɗan rumbu da tarakta guda ma da sunan take amsawa. Na biyu, "Saint-Émilion Grand Cru" daban yake da "Grand Cru Classé". Gidaje ɗaruruwa ke da ikon rubuta na farkon, na biyun kuwa jeri ne na zaɓaɓɓu. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma a farashi tazarar ba kaɗan ba ce.

Idan mai ɗanɗano ya ɗaga kofi yana juyawa yana shinshina, me yake yi?

Aiki yake yi, ko da yake daga nesa kamar iyayi ne. Yakan zuba kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kofin ba, ya karkata shi a kan farar takarda ya dubi launi. Sabuwar giya ja ce mai duhu, ta ɗan yi shuɗi-shuɗi a gefe. Tsohuwa kuwa gefenta kan koma launin jan bulo. Daga nan ya juya kofin don iska ta shiga ƙamshi ya taso, ya sa hanci. A Cabernet sukan ce suna jin ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da na fensir da aka fiƙe yanzu. A Merlot, 'ya'yan itace da suka nuna luguf. Wani ɓangare na ƙamshin daga ganga yake fitowa, domin manyan gidaje kan ajiye giyar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci fiye, a gangunan itacen oak masu cin lita 225, wato kwalba 300 kowace.

Sai ya kurɓa, ya zagaya da ita cikin baki. A nan abu huɗu yake aunawa: tsami, ƙarfin barasa (yawanci kashi 13 zuwa 14.5 cikin ɗari), daɗewar ɗanɗano bayan an tofar, da kuma bauri. Baurin nan shi ne zuciyar lamarin. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya ji dasashinsa ya bushe, harshe ya ɗaure, ya san abin da ake nufi. Sinadarin tanin ne ke kawo shi, daga fatar inabi da ƙwayarsa da itacen ganga. Mai ɗanɗano ba yawansa kaɗai yake dubawa ba, yana so ya ji ko mai laushi ne ko mai kartar baki, don wannan ke nuna ko inabin ya nuna sosai kafin a tsinke shi. Baurin ne kuma, tare da tsamin, ke sa giyar gaɓar hagu ta jure shekara ashirin ko talatin a kwalba, yana raguwa a hankali. Ta gaɓar dama ta fi saurin yin laushi.

Daga ƙarshe ya tofar a wani ɗan bokiti. Wanda zai gwada kofi hamsin kafin azahar, in ya haɗiye, daga na goma ba hukunci zai riƙa yankewa ba.

Ana yawan ambaton jerin 1855. Mene ne shi?

A shekarar, Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, aka nemi Bordeaux ta kawo jerin giyarta mafi kyau. Majalisar 'yan kasuwar garin ta miƙa aikin ga dillalai. Su kuwa ba gasar ɗanɗano suka shirya ba, littattafan ciniki suka buɗe, suka jera gidaje hawa biyar bisa farashin da aka daɗe ana biya. Gida huɗu suka hau sahun farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. A yau gidaje 61 ne a jerin jar giya, dukansu daga Médoc in ban da Haut-Brion.

Tun daga lokacin babban canji ɗaya aka yi, a 1973, da Mouton Rothschild ya tashi daga sahu na biyu zuwa na farko, bayan maigidan, Baron Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru yana kai gwauro yana kai mari. A ganina nan raunin jerin yake. Darajar tana bin sunan gida ne, ba takamaiman fili ba, don haka gida na iya sayen gonar maƙwabci ya shigar da ita ƙarƙashin sunansa. An yi gādo, an sayar, an yi yaƙin duniya biyu, wasu gidajen sun lalace wasu sun farfaɗo, jeri yana nan yadda dillalai suka bar shi. Kasuwa ma ta daina yi masa biyayya sau da ƙafa: Palmer yana sahu na uku amma ya fi yawancin 'yan sahu na biyu tsada. Petrus na Pomerol kuwa, wanda kan fi na sahun farko kuɗi, ba ya cikin kowane jeri, don Pomerol ba ta taɓa yin nata ba.

Saint-Émilion ta ɗauki wata hanya a 1955, ta ce za a riƙa sabunta nata jerin kusan duk shekara goma. Abin da ya biyo baya shi ne shari'a a kotu, kuma kafin sabuntawar 2022 manyan gidaje irin su Cheval Blanc, Ausone da Angélus suka janye.

Harshen masanan nan abin dogaro ne?

Har zuwa wani mataki. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris ya ba su giya ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren ja, Stag's Leap ta Kaliforniya, girbin 1973, ita ta zo ta ɗaya, ta doke Mouton da Haut-Brion. A 2001 kuma Frédéric Brochet, mai bincike a Jami'ar Bordeaux, ya rina farar giya ta koma ja ya ba ɗalibai 54 masu karatun fannin, suka riƙa siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

Wannan bai nuna duk ƙarya ba ce. Gogagge yana gane giyar da ta lalace, yana gane inabin da aka tsinka ɗanye. Amma bambancin maki 94 da 96 cikin ɗari da masana ke ba giya ra'ayin mutum ne, sai dai ra'ayi ne mai motsa kasuwa. Robert Parker, lauya Ba'amurke da ya yi suna bayan ya yaba girbin 1982 tun yana cikin ganga, makinsa na ɗari ya yi shekaru yana ɗaga farashi yana sauke shi, har aka riƙa zargin wasu gidaje da sauya salon aikinsu don su dace da bakinsa.

Me ya sa shekarar girbi ke da nauyi haka?

Saboda sama ba ta da alƙawari a Bordeaux. Sanyi mai daskarar da sabon tsiro ya yi ɓarna a Afrilun 2017, ruwa da ƙanƙara suka dagula 2013. Su kuwa 2005, 2009, 2010 da 2016 an yi ittifaƙi sun yi kyau. Duk shekara wajen Afrilu 'yan kasuwa da 'yan jarida kan cika garin su ɗanɗana girbin bara daga ganga, a yanka farashi, masu saye su biya kuɗi, kaya kuwa sai bayan kimanin shekara biyu. Wani lokaci a ci riba, wani lokaci kwalbar ta iso kanti da arha fiye da yadda aka biya tun farko.

Masu saye da suka san kan abin, yaya suke zaɓa?

Ba sa bin babban suna ido rufe. Manyan gidaje na da giya ta biyu, daga ƙananan kurangu ko gangunan da ba su shiga ta farko ba, kamar Les Forts de Latour da Pavillon Rouge na gidan Margaux. Akwai rukunin Cru Bourgeois a Médoc, akwai kuma yankunan gefe irin su Fronsac da Castillon, masu ƙasa mai kama da ta Saint-Émilion amma ba su da sunanta. Ƙa'idar da suke bi ita ce, a shekara mai kyau ƙaramin gida ma ya isa, a shekara mara kyau sai gidan da ke da halin zubar da rabin girbinsa.

Sai dai duk wannan lissafi banza ne in ajiya ta ɓaci. Ana son kwalba ta kwanta a wuri mai duhu, sanyinsa wajen digiri 12 zuwa 14. Wadda ta yi makonni a kwantena a tashar jirgin ruwa ta ƙasa mai zafi ta dahu, kuma alamarta toshiyar ta ɗan turo kai, ko a ga sawun ɗigo a wuya. Wata kuma toshiyar ce ke ɓata ta, a buɗe a ji warin jiƙaƙƙen kwali. Ga jabu: a 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara goma, mutumin da ya riƙa haɗa giya a gidansa yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe masu manyan sunaye, attajirai suna rububin saye.

Gaskiya ne jar giya na gyara zuciya?

Zancen ya bazu ne bayan wani shirin talabijin a Amurka a 1991, kuma masu sayarwa sun ci moriyarsa sosai. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira mara haɗari ga lafiya. Barasa na cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, tsadar kwalba ba ta canza wannan.

Yankin na nan da ƙarfinsa?

Na sama suna nan, na ƙasa ne ke kuka. Bordeaux ta saba da masifa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya cinye gonaki, sai da aka aurar da kurangun Turai a kan saiwar inabin Amurka aka tsira. A shekarun 1880 kuma a nan Alexis Millardet ya fito da haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa don kashe fumfuna, maganin feshin da ya kai har gonakin koko na Najeriya da Ghana.

Matsalar yau iri biyu ce. Zafi na ƙaruwa, Merlot na nuna da wuri fiye da kima, barasa na hawa, shi ya sa a 2021 aka amince a gwada sababbin iri, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal da Marselan. Ta biyun ta fi ciwo: Faransawa sun rage shan jar giya, kasuwar Sin da ta yi tashe bayan 2008 ta ja baya. A 2023 gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka fara biyan manoma kuɗi don su tumɓuke dubban hektoci na kuranga, akasarinsu a ƙananan gonakin da kwalbarsu ke cewa "Bordeaux" kawai.