Jinyar gudan jini a huhu ba ta ƙarewa ranar sallama

Duk wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu, aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko wani asibiti, sannan ya koma gida da ƙafafunsa, to ya tsallake rijiya da baya. Abin da ke tayar mini da hankali a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne abin da ke biyo baya, domin da zarar ciwon ƙirji ya lafa, numfashi ya daidaita, sai majinyaci ya ce ai ya warke, ya ajiye magani, ya manta da ranar da aka rubuta masa a kati.

Galibi gudan yana haɗuwa ne a cikin jijiyoyin ƙafa ko na ƙugu, ya ɓalle ya bi jini har ya maƙale a huhu. Maganin tsinka jini da ake bayarwa yana hana gudan girma, yana kuma hana wani sabo haɗuwa, yayin da jiki da kansa yake narkar da tsohon a hankali cikin makonni ko watanni. Shi ya sa mafi ƙarancin lokacin shan maganin wata 3 ne, kuma wanda ba a gano musabbabin nasa ba, ko ya taɓa yi a baya, ko yake fama da ciwon daji, likita na iya tsawaita masa. Idan kuɗin maganin tsinka jini irin rivaroxaban ko apixaban ya fi ƙarfin aljihu, a faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin warfarin, wanda shi ma maganin tsinka jini ne, ya fi araha, kuma sauya magani bisa shawararsa ya fi tsallake kwanaki nesa ba kusa ba.

Sai dai warfarin yana da ka'ida. Dole a riƙa gwajin jini da ake kira INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya yi ƙasa, gudan na iya dawowa, idan ya haura, jini na iya ɓallewa. Ganyaye irin su zogale da alayyafo da kabeji suna rage ƙarfin maganin, amma ba a ce a daina cin su ba. Abin da ake gudu shi ne mutum ya yi mako bai taɓa ganye ba, sannan ya kwana uku yana cin kwaɗon zogale safe da yamma. Magunguna ma haka ne: Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi, rifampicin na masu tarin fuka yana raunana shi, su kuwa ibuprofen da diclofenac da asfirin da ake saya a kemis don ciwon jiki suna jawo zubar jini. Tsimi da jiƙo da kwalaben gargajiya, ina roƙon a dakatar da su, haka kuma kada a je wurin wanzami a yi ƙaho, kada a cire haƙori ba tare da an sanar cewa ana shan wannan magani ba.

Baƙin bayan gida mai kama da kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, matsanancin ciwon kai, ko buguwar kai a faɗuwar babur ko da babu rauni a waje, duk na gaggawa ne. Haka nan sabon haki, tarin jini, suma, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi. Kada a jira gari ya waye.

Komawa ganin likita bayan wata 3 yana da muhimmanci ko da mutum yana jin garau, domin a nan ake yanke shawarar tsayar da magani ko ci gaba da shi. Wanda kuwa har lokacin yake haki idan ya taka daga gida zuwa masallacin unguwa, ya bayyana hakan, saboda a wasu mutane ƙalilan gudan ba ya narkewa duka, sai ya ɗora wa zuciya nauyi, kuma hoton zuciya ne yake fara nuna alamar hakan.

Mata suna da ƙarin abin lura. Warfarin yana cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki allurar heparin ake yi mata, kuma wadda ta taɓa samun gudan jini ta faɗa tun zuwanta awo na farko. A nemi shawara kafin shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu nau'o'inta suna ƙara haɗarin. Tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan kullum tana taimakawa, kwanciya wuni guda kuwa tana cutarwa. Mai niyyar doguwar tafiya, zuwa Legas a mota ko aikin Hajji a jirgi, da mai son yin azumi, su je asibiti tun da wuri da katinsu da kwalin maganinsu, a tsara musu lokutan sha.