Fayil ɗin tsarin rumbun bayanai: a saka shi a Git ko a bar shi?

Kusan duk mai koyon rubuta manhaja a Kaduna ya ji wannan ƙa'ida daga bakin na gaba da shi: abin da kwamfuta ta samar da kanta ba a saka shi a Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen fayilolin manhaja, sunansa ake rubutawa a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale. Ƙa'idar tana da hujja. Jakar node_modules, alal misali, inda ake tara kayan aikin da manhaja ta aro daga waje, umarni ɗaya ke dawo da ita, ajiye ta cika ma'ajiya ne kawai.

Amma fayil ɗin da ke bayyana tsarin rumbun bayanai, wato teburansa da ginshiƙansu, hukuncinsa daban ne. A Ruby on Rails, wani tsarin gina manhajojin yanar gizo, sunansa db/schema.rb, kuma jagorar Rails da kanta ta jaddada a saka shi. Duk sanda aka gudanar da fayilolin sauyi, wato waɗanda ke ɗauke da gyare-gyaren da ake yi wa tsarin rumbun ɗaya bayan ɗaya, Rails kan sake rubuta shi daidai da yadda rumbun yake a lokacin.

A ce manhajar wani kantin magani ce a Kawo, an daɗe ana yi mata gyare-gyare, sai ga sabon ma'aikaci. In aka ce ya bi fayilolin sauyi tun daga na farko, da wuya ya kai ƙarshe lafiya, domin wasunsu sun dogara da sassan manhajar da aka goge tuntuni. Da schema.rb kuwa, umarnin rails db:schema:load zai gina masa rumbun nan take. Daga wannan fayil ake gina rumbun gwaji ma. Kuma mai duba aikin abokinsa zai ga an cire ginshiƙi tun kafin ɓarnar ta kai ga mai kanti, wanda a ganina ya isa hujja.

Kukan masu ƙin sakawa shi ne karon da ake samu in mutum biyu suka taɓa rumbun a rassan Git daban-daban, wato kowa a nasa layin aikin. Abin da ban haushi, gaskiya. Maganinsa a haɗe fayilolin sauyin, a sake gudanar da su da umarnin db:migrate, Rails ta rubuta sabo. A Django, wani tsarin mai kama da Rails, babu irin wannan fayil guda, fayilolin sauyin da umarnin makemigrations ke samarwa su ake sakawa.

Abin da ba a sakawa ko kusa shi ne kwafin rumbun mai ɗauke da sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu. Wannan ya shiga hurumin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma ko an goge fayil ɗin daga baya, yana nan a tarihin Git.