Hukumar Kayan Tarihi ta Zamanin Turawa: Ga Amsa, Ku Bar Ni Na Huta

Shekara da shekaru ina koyar da tarihi, tambayoyin nan da ake yi mini kan Hukumar Kayan Tarihi kuwa ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa.

Yaushe aka kafa ta?

A 1943, a nan Najeriya. Kenneth Murray, wanda ya zo ƙasar a 1927 yana koyar da zane, shi aka fara ba wa riƙonta.

Ita ce ta kwashe kayan Benin?

A'a. Sojojin Ingila ne, a 1897. Ku yi lissafi mana, shekara 46 ke tsakani.

To ai duk Turawa ne, mene ne bambancin?

Ban ce waliyyai ba ne. Su ke zaɓar abin da ya isa a kira shi tarihi, ba tare da sun shawarci masu abin ba. Amma dokar 1953 da ta hana fitar da kayan tarihi waje sai da takardar izini, Murray ne ya yi ta naci har aka yi ta. A zagi mutum kan laifinsa, kada a ɗora masa na wani.

Ina ruwan Arewa da ita?

Wannan tambayar ita ke ba ni haushi. Wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci kan mutum na yumɓu, ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye. Da kan ya kai hannun Bernard Fagg, jami'in mulki a Jos, sai ya ga ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan sunan Nok ya fito, kayan da suka haura shekara 2,000. Gidan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952, na Legas sai 1957. Wa ya riga wa?

Ba gumaka kawai suke tarawa ba?

Je ka Jos ka ce a nuna maka rubuce-rubucen Larabci na malamanmu. Hasumiyar Gobarau, Gidan Makama, zanen duwatsun Birnin Kudu, duk suna cikin abin da ake karewa.

Ina haƙar rijiya a gonata na ci karo da irin tsoffin kayan yumɓun nan. Me zan yi?

To, nan fa sai a yi a hankali. Da farko kwantar da hankalinka, tsintuwa ba laifi ba ce, sayarwa ce laifi. Tun 1974 doka ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince masa. Kada ka ciro, kada ka wanke. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini tsingaro a leda, an goge shi da soso yana ƙyalli, yana jira na yabe shi. Ƙasar da ya wanke da gawayin da ya zubar, su ne za su faɗi shekarun abin. Ɗauki hoto da wayarka yadda yake a ramin, ka rufe, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan gidan tarihi mafi kusa.

Za a biya ka? Ya danganta, kada dai ka ci bashi a kai. Za a ƙwace gonar? Kasko ɗaya ba ya jawo haka, amma in wurin tsohon gari ne, ana iya ayyana shi wurin tarihi, a hana tono. Zuwan ma'aikata ma yana iya ɗaukar lokaci, ka riƙa tuntuɓa. Dillalai kuwa in sun ji ƙishin-ƙishin za su riga kowa zuwa, da kuɗi a hannu. Abin da za su ba ka bai kai ƙurar abin da za su samu a Turai ba, kuma in aka kama, sunanka za su fara ambata.

Takobin kakana fa?

Naka ne, rataye abinka. In an ƙera shi kafin 1918, nemi izini kafin ka tsallaka iyaka da shi.

Hukumar tana nan?

A 1979 aka mayar da ita Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Tun a 1968 ma ɗan ƙasa, Ekpo Eyo, ya karɓi shugabancinta, saboda haka a daina ce mini ta Turawa ce.