Me ake nufi da "single malt", wiskin da kwalbarsa ta kai fam miliyan 2?

A watan Nuwamba na 2023, gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya sayar da kwalba ɗaya tal ta wiskin Macallan na ƙasar Sikotland a kan fam miliyan 2 da ɗoriya. Labarin ya sa mutane riƙe baki, balle a wajenmu inda Musulunci ya haramta giya, galibinmu ba mu san yadda ake haɗa ta ba. Sai dai kalmar da ke jikin kwalbar, single malt, tana yawan fitowa a labaran kasuwanci da kantunan filin jirgi, ga kuma abin da take nufi.

Malt dai tsiro ne. Duk wanda ya taɓa ganin an jiƙa dawa, an shimfiɗa ta an rufe har ta fito da tsiro, sannan aka shanya, ya riga ya san rabin aikin. A Sikotland da sha'ir ake yi. Single kuwa, wato ɗaya, nan ne ake yawan kuskure. Mutane na zaton ganga ɗaya ake nufi, alhali masana'anta ɗaya ce. Ana iya gauraya ganguna ɗari a kwalba guda, muddin duk daga gida ɗaya suka fito. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta fayyace komai: ruwa da tsiron sha'ir, a tace a tukwane, a ajiye a gangar katakon itacen oak a cikin Sikotland aƙalla shekara 3, kuma ƙarfin barasar kada ya gaza kashi 40 cikin 100.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaman gangar. Lokacin da ruwan ya fito daga tukunya fari ne tas kamar ruwan sha. Katako ne ke ba shi launi da yawancin ƙamshinsa. Gangar da ta taɓa ɗaukar wiskin Amurka tana ba da ƙamshin zuma da kwakwa, wadda kuwa ta ɗauki ruwan inabin sheri na Sifaniya tana mayar da shi ja-ja-wur, da ɗanɗanon busasshen inabi da kayan yaji. A tsibirin Islay da ke Sikotland, masana'antu irin su Laphroaig da Lagavulin suna amfani da tsiron da aka busar da hayaƙin wata baƙar ƙasa mai ci da wuta, shi ya sa nasu yake ƙaurin hayaƙi.

Katako yana numfashi. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin ganga yana bin iska, abin da masu yin wiskin da kansu suke kira rabon mala'iku. A lissafa haka har shekara 60, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Macallan ɗin nan an tace shi a 1926, aka zuba shi a kwalba a 1986, kwalabe 40 kacal aka samu. Ka ga inda tsadar ta samo asali: jira, da asara, da ƙarancin kaya.

Lambar shekarun da ake bugawa a jikin kwalba tana nuna mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ne. Ko da an haɗa mai shekara 30 da ɗan cokali na mai shekara 12, to 12 za a rubuta. Kuma da zarar an toshe kwalba, tsufa ya tsaya cak, ko da za ta shekara hamsin a kabad.

Masu ɗanɗanawa ba sa kwankwaɗa. Kofin gilashinsu mai faɗin ciki ne da tsukakken baki, don ƙamshi ya taru a sama. Za ka ga mutum ya zuba abin da bai wuce cokali biyu ba, ya kai hanci a hankali, ya janye, ya sake kaiwa. Sai ya ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, ya jira, sannan ya kurɓi kaɗan ya bar shi a kan harshe. Abin da suka fi daraja shi ne ɗanɗanon da ke saura a maƙogwaro bayan an haɗiye, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya gushe.

A ganina, inda 'yan kasuwa ke rufe wa masu saye ido shi ne nuna cewa yawan shekaru daidai yake da inganci. Ganga tana iya wuce gona da iri, ruwan ya yi ɗaci da bauri kamar an tauna ɓawon itace. Wata kuma ƙarfinta yakan sauka ƙasa da kashi 40, doka ta hana a kira abin da ke ciki wiski. Shi ya sa mai kula da rumbun yake zagayawa lokaci-lokaci, ya buɗe toshiya, ya ɗebo kaɗan ya shinshina, ya yanke shawarar ko gangar nan za ta iya ƙara shekara ko a sauke ta bana.