Tsarin Sigogi a Musayar Bayanai Tsakanin Manhajojin Intanet

Tsarin sigogi shi ne hanyar da masu gina manhajoji ke bi wajen sauya fasalin bayanan da saba, wato kwamfutar da ke ba manhajoji bayanai ta Intanet, ke aikawa, galibi cikin tsarin rubuta bayanai na JSON ko XML, ba tare da sun durƙusar da manhajojin da aka gina bisa tsohon fasali ba. Tushen matsalar shi ne, mai saba yana iya sabunta ɓangarensa duk lokacin da ya ga dama, amma ba shi da iko da manhajar da ke cikin wayar wani, wadda kan shekara ba a sabunta ta ba.

Ba kowane sauyi ne ke yin ɓarna ba. Ƙara sabon gurbi, wato wurin saka bayani guda a cikin saƙo, wanda ba dole ba ne a cike shi yakan wuce lafiya, muddin an gina mai karɓa ya yi watsi da abin da bai sani ba. Cire gurbi kuwa, ko sauya masa suna, ko mayar da lamba ta koma rubutu, shi ke karya hulɗa. Mafi haɗari shi ne a sauya ma'ana a bar suna yadda yake, misali gurbin da ke ƙirga daƙiƙa ya koma ƙirga minti, domin babu kuskuren da zai bayyana, lissafi ne kawai zai lalace.

Wasu na saka lambar siga a cikin adireshi, kamar /v1/ da /v2/, saboda sauƙin gani da gwadawa, wasu kuma a kanun saƙon HTTP, wato layukan bayani da ke zuwa a farkon saƙon da ake aikawa ta yanar gizo. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta Intanet, da GitHub, dandalin ajiye ayyukan masu gina manhajoji, suna amfani da kwanan wata a matsayin lambar siga. Sigar GitHub ta farko a wannan tsari ita ce 2022-11-28. Akwai kuma ƙa'idar SemVer da Tom Preston-Werner ya tsara, mai lambobi uku, inda ake ɗaga ta farko idan sauyin zai karya abin da ke aiki.

Protocol Buffers, wani fasalin shirya bayanai wanda Google ya fitar ga jama'a a 2008, ya tunkari matsalar daga cikin fasalin kansa. Kowane gurbi yana da lambarsa, kuma da ita ake gane shi a saƙo, don haka idan aka cire gurbi sai a keɓe lambar kada wani ya sake amfani da ita.

Riƙe tsofaffin sigogi na da tsada, tunda kowace tana buƙatar gyara da gwaji. Shi ya sa ake sanar da ranar janye su tun da wuri, kuma takardar ƙa'idar Intanet mai lamba RFC 8594 ta 2019 ta tanadi kan saƙo mai suna Sunset domin wannan sanarwa.